R-32, R-410A ko R-290: Wane AC Ya Kamata Ka Saya Yanzu?

Kafin ka tambayi mai sayarwa ƙarfin AC ko sunan kamfaninsa, zagaya wajen akwatin da ake kafewa a waje ka karanta ɗan allon da ke manne a gefensa. A nan aka rubuta irin gas ɗin da ke ciki. Wannan 'yar lambar ce za ta nuna maka ko nan da shekara biyar za ka sami gas ɗin gyara cikin sauƙi, ko za ka koma bin 'yan bayan fage.

Dalili kuwa doka ce. Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa aka fara janye gas masu cinye rufin ozon da ke kare duniya daga mugun hasken rana, har abin ya kai ga R-22, tsohon gas ɗin AC, wanda ƙasashe masu arziki suka rufe babinsa a 2020, masu tasowa kuma aka ba su zuwa 2030. A 2016 aka sake zama a Kigali aka ƙara da gas ɗin da suka gaje shi, irin su R-410A, domin su ba sa taɓa ozon amma suna riƙe zafi ainun. Kilo ɗaya na R-410A idan ya tsere sama, daidai yake da kilo 2,088 na iskar kabon wajen riƙe zafi; wannan lambar ita ce makinsa. Tarayyar Turai ta hana ƙananan AC masu gas ɗin da ya kai maki 750 daga 2025, Amurka kuma ta tsayar da nata a 700 ga sababbin na'urorin gida. Kamfanoni sun juya, kuma kayan da kasuwa ɗaya ta ƙi, wata kasuwar ake kai su a karyar da farashi.

R-22 ba abin tattaunawa ba ne, ko kyauta aka ba ka. R-410A yana aiki lafiya, idan kana da shi ka ci gaba da lallaɓa shi, amma sayen sabo yanzu kamar sayen doki ne da ya fara tsufa. R-454B yana da maki 466, sai dai haɗi ne na gas biyu, kuma ba ko'ina ake samunsa ba. R-290, wato furofen, shi ne ya fi kowa tsabta, makinsa 3 kacal, kuma kamfanin Godrej na Indiya ya daɗe yana ƙera AC da shi. Ina girmama shi, amma yana kama wuta sosai, sai da ƙwararren mai gyara, ni kuwa na ga abin da rashin ƙwarewa ke jawowa.

Ni dai R-32 na zaɓa, kuma shi nake ba kowa shawara. Makinsa 675, kusan kashi ɗaya cikin uku na R-410A. Ba baƙo ba ne: rabin R-410A ɗin ma shi ne, sai aka cire ɗaya rabin, R-125, wanda ya fi riƙe zafi. Kamfanin Daikin ya fara sa shi a AC na gida a Japan a 2012, saboda haka an gwada shi fiye da shekara goma. Yana ɗaukar zafi fiye da wanda ya gada, don haka na'ura ba ta cin gas da yawa. Abin da ya fi burge ni shi ne gas ɗaya ne tak, ba haɗi ba. Idan ya yi yoyo, abin da ya rage a ciki bai canja ba, a toshe wurin, a auna, a ƙara. Yana iya kamawa da wuta, gaskiya ne, amma da ƙyar, shi ya sa ba a yi masa walda sai an zuƙe gas ɗin tas. Ka haɗa shi da kwamfireso mai inbata, wanda ke rage gudu maimakon ya riƙa mutuwa yana tashi. In kuma inda kake ana sanyi mai tsanani, nemi mai juya aiki ya ɗumama ɗaki: da wutar kilowat ɗaya yakan ba ka ɗumin kusan kilowat uku, abin da hita ba za ta taɓa yi ba.

Yanzu ga abin da ya ƙona ni. AC ɗina na farko mai R-410A ne. Da ya rage sanyi, na kira wani mai gyara, ya zo da silinda ba tambari, fentinta duk ya goge. Bai nemi inda ke yoyo ba, bai ɗora ta a sikeli ba, ya ɗaura tiyo ya buɗe yana taɓa bututu da bayan hannu, ya ce ya ji sanyi, ya isa. Kwana tara aka yi. Ranar ta goma na ji kwamfireso yana gurnani, sai warin ƙuna, shi ke nan. Wanda ya buɗe shi daga baya ya nuna min man da ya fito baƙi ƙirin, ya ce abin da aka ɗura ba R-410A ba ne.

Duk lokacin da doka ta matse wani gas, jabunsa ke cika kasuwa. Akwai masu cika tsohuwar silinda da R-22 su manna mata sabon tambari. Akwai masu zuba gas ɗin girki, ka ɗauka naka ba ya kama wuta alhali bam ne a jikin bango. A 2011 jabun gas ɗin sanyi R-134a da aka gauraya da wani gas mai haɗari, R-40, ya tarwatsa kwantenonin sanyi a tashoshin jiragen ruwa na Biyetnam da Barazil, har ma'aikata suka rasu, domin R-40 yana cin alminiyon da ke cikin kwamfireso. Na'urar ma ana yi mata jabu: a sake wa tsohuwa fenti, a manna mata takardar R-32. Ka gwada lambar allon waje da ta na'urar ciki da abin da aka rubuta a takardar garanti, in ɗaya ta saɓa, ka bar ta. Kuma kada ka yarda wani ya ce zai mayar maka da tsohon AC ya koma R-32 ta hanyar canja gas kawai. Ba a ƙera shi don haka ba, mai R-22 kuwa ko mansa da ƙarfin bututunsa ba ɗaya ba ne.

Ranar kafawa ka tsaya a wurin da kanka. Silinda ta zo da hatiminta da sunan kamfani da lamba. Ka ga an ɗaura injin zuƙe iska a bututu kafin a saki gas, ba a ɗan fesa gas a ce an kore iska ba. In za a ƙara gas, a ɗora silinda a sikeli, a bi nauyin da aka rubuta a allon. Mai gyaran da ya zo ba sikeli, ba gejin auna matsin gas, ba injin zuƙe iska, ka biya shi kuɗin motarsa ya koma.