Na'urar ɗaga mota a garejin gida: abin da na gani bayan an kafa mini ita a Jidda

Na'urar da na saya mai ginshiƙi biyu ce, tana ɗaukar nauyin tan 4, kuma wani kamfanin kayan bakanikai a nan Jidda ne ya sayar mini da ita, ya kuma ɗauki nauyin awo da kafawa. Tun da 'yan uwa Hausawa mazauna Makka da Jidda suna yawan tambayata a kanta, ra'ayina shi ne aikin awon da aka yi kafin a kawo na'urar ya fi na'urar kanta daraja, domin wurin da za a dasa ginshiƙan ba mai gida ne ke zaɓensa ba, daɓe da silin ne suke yanke hukunci.

Injiniyan da suka turo bai fara da duba mota ba, tambayarsa ta farko ita ce: "Alhaji, ina tankin ruwanku yake?" Gidaje da yawa a wannan gari suna da tankin ruwa a ƙarƙashin ƙasa, galibi ta wajen ƙofar gida ko ƙarƙashin gareji, wasu kuma har da ramin ƙazanta, kuma murfin irin waɗannan ramuka ba a zuba shi don a huda shi a dasa ginshiƙin da zai riƙe mota a sama ba. Namu ya ci kusan rabin garejin ta gefen titi, don haka aka matsa da na'urar ciki, aka bar wajen mita ɗaya tsakanin gaban mota da bango saboda aikin inji. Daga nan ya cire tayil ya huda daɓen, ya tarar kaurin kankaren bai kai santimita 10 da masu ƙera irin wannan na'ura suke sharɗantawa ba, sai aka fasa wurin aka zuba sabon kankare da rodi, aka bar shi kwana 28 ya yi ƙarfi kafin a ɗaura kusoshin da ke kafe ginshiƙan a ƙasa. Jiran ya yi mini tsawo, amma ginshiƙi biyu kacal ne ke riƙe motar, kuma duk ƙarfinsu yana ga waɗannan kusoshi.

Silin ɗina mita 3.4 ne, alhali nau'in da ake haɗa ginshiƙansa ta sama yana buƙatar wajen mita 3.6, shi ya sa aka ba ni wanda igiyoyin ƙarfensa suke bi ta ƙasa. Camry, wadda tsayinta bai kai mita ɗaya da rabi ba, tana tashi har in tsaya a miƙe a ƙarƙashinta. Land Cruiser kuwa ta haura mita 1.9, dole a tsayar da ita a rabin hanya in yi aikin a zaune. Farantin da ya rufe igiyoyin a ƙasa yana ɗan tare hanya idan ana turo jak, wannan kam aibi ne da ya kamata mai saye ya sani.

Inda kamfanin ya gaza shi ne wajen lantarki. Wutar Saudiyya tana tafiya ne a kan haz 60 (haz shi ne ma'aunin saurin juyawar wutar lantarki), su kuwa injin famfon na'urar da suka fara kawowa na haz 50 ne, irin wanda ake amfani da shi a Najeriya da Sudan da Turai, kuma sai da mai haɗa wutar ya karanta farantin jikinsa aka gane, aka mayar da shi, musayar kuma ta ɗauki lokaci ba tare da wani ya kira ya yi bayani ba. Takardar umarnin ma babu Larabci a cikinta.

Tun da aka kafa ta, tana ɗagawa ba tare da girgiza ba, makullan tsaronta suna kamawa mataki-mataki da ƙara mai fita sarai, ni kuma ba na shiga ƙarƙashin mota sai na sauke ta a kansu. Danshin Bahar Maliya yana saurin kawo tsatsa, saboda haka igiyoyin da sarƙoƙin suna son maiko a kai a kai, kusoshin ƙasa kuma a riƙa gwada ɗaurinsu. Wanda yake gidan haya, ya nemi yardar mai gidan a rubuce kafin a taɓa daɓe.