Bayan aji uku: kwalejin fasaha, makarantar kimiyya ko gareji?

Duk shekara da an gama jarrabawar aji uku na ƙaramar sakandare, sai iyaye su shiga lissafin inda za a kai yaro. Ni sau biyu na yi wannan lissafin. Na farko na yi shi a gaggauce, kuɗina suka tafi, babban ɗana kuma ya yi asarar shekara guda cur. Da aka zo kan ƙanensa sai na bi a hankali, na taka da ƙafata na duba. Shi ya sa ba na ɓoye ra'ayina: in dai yaro mai son aikin hannu ne, irin wanda ke kwance rediyon gida don ya ga abin da ke ciki, kwalejin fasaha ta gwamnati nake zaɓar masa.

Sauran hanyoyin ba za su ci mana lokaci ba. Sakandaren da kowa ya sani tana da darasin sana'a guda a jadawali, amma a yawancin makarantu a kan allo ake fara shi, a kan allo ake gama shi. Kai yaro gareji ko shagon walda kaɗai zai ba shi hannu, sai dai ranar da kamfani ya ce a kawo takarda, wani ake ɗauka. Makarantun kimiyya irin su Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, waɗanda Jihar Kano ta kafa tun 1977, ba wanda zai raina su. In yaronka likita yake son zama, can ya dace da shi, kada ka ja shi inda nake yabo.

Abin da ya ja ni ga kwalejin fasaha shi ne yaro ba ya barin boko don ya kama sana'a. Shekara uku ake yi, daidai da babbar sakandare. Yana yin Turanci da lissafi da darussan kimiyya da zanen injiniya a aji, sannan ya sa rigar aiki ya shiga wokshof a fannin da ya zaɓa: wayarin ɗin lantarki, kanikancin mota, walda, gini, kafinta, aikin famfo, gyaran firij da na'urar sanyaya ɗaki, kwamfuta, ɗinki ko girki. A ƙarshe ya rubuta jarrabawar NABTEB, hukumar jarrabawar fasaha da kasuwanci ta ƙasa da aka kafa a 1992 mai hedikwata a Benin. Mai sana'ar hannu ya fito da takardar NTC, mai fannin kasuwanci ya fito da NBC. Abin da iyaye da yawa ba su sani ba shi ne JAMB tana karɓar wannan sakamako kamar yadda take karɓar na WAEC da NECO. Yaron da ya samu kiredit biyar har da Turanci da lissafi zai iya neman Kaduna Polytechnic ko ta Kano, ya yi difloma, ko ya nufi jami'a a fannin injiniya. Sai dai kowane kwas da sharuɗɗansa, saboda haka a buɗe ƙasidar JAMB tun yaro yana aji ɗaya na kwalejin a ga darussan da ake buƙata, kada a bari sai an gama. In kuma karatu ya tsaya saboda halin rayuwa, ba hannu rabbana ya fito ba, yana da abin da zai ci abinci da shi.

Ƙaramin ɗana lantarki ya ɗauka. A hutun farko na aji biyu ya dawo da tasta da filaya a aljihun jaka, ya tsaya yana kallon ƙwan zaurenmu. Shekaru muna fama, in ka shigo da dare sai ka laluba bango har ƙofar ciki kafin ka kai ga makunni. Ya ce, "Baba, in ka saya mini makunni biyu da waya, zan sa a iya kunna shi daga waje, a kashe daga ciki." Na saya. Ya zauna a tabarma ya zana layukan a bayan wata tsohuwar kalanda, ya cire fis ɗin gidan tukuna, ya gwada wayar da tasta sau biyu kafin ya taɓa ta. Wannan cire fis ɗin ya fi aikin kansa faranta mini rai, domin na san masu wayarin nawa ne a unguwarmu da ba sa yi. Da ya gama ya ce, "Baba, danna na wajenka." Ƙwai ya kama. Ya danna nasa ya mutu. Mahaifiyarsa har yau duk baƙon da ya zo sai ta nuna masa.

Kwalejojin nan iri biyu ne. Akwai na jihohi, irin su na Kano da Wudil da Bagauda, da ta Malali a Kaduna, da ta Mashi a Katsina, da ta Farfaru a Sakkwato. A Kano hukumar makarantun kimiyya da fasaha ta jiha ce ke shirya jarrabawar shiga. Akwai kuma na tarayya, kamar na Kafanchan da Zuru da Dayi da Michika, waɗanda NABTEB ke shirya musu jarrabawar shiga. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da cewa nata kwalejojin, waɗanda a da ke haɗa kimiyya da fasaha, za su mai da hankali kacokan kan sana'a, a rinjayar da aikin hannu a kan karatun aji, tare da alkawarin karatu kyauta da ɗan alawus. Saboda haka wanda ke son ɓangaren kimiyya zalla ya tambaya da kyau kafin ya cike fom. Ba na cewa kwalejojin fasaha ba su da aibu. Za ka tarar da injin da ya girmi malamin da ke koyarwa da shi, wuta tana yanke aiki, ɗalibai goma a kan benci ɗaya. Kuma makaranta takan yi ƙarfi a wani fanni ta yi rauni a wani, don haka fannin za ka bincika, ba sunan makarantar ba. 'Yan mata ma kada a tsare su a ɗinki da girki kawai, akwai masu lantarki da kwamfuta kuma suna yin fice.

Yanzu ga inda ƙaya ta soke ni. Babban ɗana wata makarantar kuɗi na kai shi, mai katafaren allo a bakin titi an rubuta kimiyya da fasaha. Ranar da na je, shugaban ya zagaya da ni wani ɗaki: injin walda a kusurwa, kekunan ɗinki huɗu, kwamfutoci a jere an lulluɓe da leda. Komai tsaf, ƙasa a share ƙal. Tsaftar ce ta burge ni, alhali ita ya kamata ta sa ni zargi. Kowane zango ina biyan abin da suke kira kuɗin kayan aiki. Sai a zango na uku yaron ya ce da ni, "Baba, tun da muka shiga ba a taɓa kunna injin nan ba, yanzu ma babu shi." Ashe aro aka yi daga wani mai walda don lokacin ɗaukar ɗalibai. Da na matsa da tambaya a kan NABTEB, sai aka fara kame-kame, wai in lokaci ya yi za a kai su wata cibiya a yi musu rajista. Ba su da lambar cibiya ko ɗaya. Na cire shi, ya sake aji ɗaya a wani wuri, yana kallon abokansa sun wuce shi. Har yau abin yana ci mini rai.

Don haka kowace makaranta ce, ta kuɗi ko ta gwamnati, ka fara da lambar cibiyar jarrabawa. Ka ce a nuna maka sakamakon ɗaliban bara da sunan makarantar a jiki. Ka tambaya ko NBTE, hukumar da ke Kaduna mai tantance ilimin fasaha, ta amince da fannin da ɗanka zai yi, kuma ka ga takardar da idonka. "Muna kan hanya" ba amsa ba ce, ni an faɗa mini ita shekara guda.

Ka yi hattara da 'yan kan-ta-waye da ke tsayawa a bakin ƙofa lokacin sayar da fom, masu cewa sun san wani a ciki, ka kawo kaza a ba ka gurbi. Kuɗin da ba rasit kada ka bayar, ko da sisi ne. Tun da aka yi maganar alawus kuma saƙonni suka cika WhatsApp, a turo maka wani adireshin intanet a ce ka sa lambar BVN da NIN ta yaro ka biya kuɗin rajista. Ka je makarantar ko ofishin ilimi ka tambaya baki da baki. Akwai masu sayar da takardar gwajin sana'a, wadda Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ke bayarwa mataki uku bayan an gwada mutum, su kuwa su kawo maka ita har gida ba tare da yaro ya riƙe ko guduma ba. Akwai kuma cibiyoyin da ke alkawarin "taimako" ranar jarrabawa. Wanda aka rubuta wa amsar wayarin, gobe shi za a kira ya sa wa gidan mutane wuta, da yara a ciki.

Ranar da za ka je dubawa kada ka sanar. Ka zaɓi Talata ko Laraba da hantsi, lokacin da karatu ya kankama, ka wuce ofishin shugaba ka nemi malamin wokshof. Ka kalli ƙasa: wurin kafinta ya kamata ka ga garin katako, wurin kanikanci ka ga baƙin mai, wurin walda ka ga guntayen ƙarfe da ƙonannun sandunan walda. Ka tambaya da me suke aiki in an ɗauke wuta, janareta ko sola, kuma wa ke sayen mai. Sannan ka tare ɗan aji biyu a waje, inda malami ba ya ji, ka ce, "Yaro, me ka haɗa da hannunka a zangon nan?" Wanda na tambaya a makarantar da na kai ƙaramin ɗana bai ce komai ba, ya ja ni bayan aji ya nuna mini tagar ƙarfe da su huɗu suka yi, walda a karkace a gefe ɗaya, ya ce malam ya sa su sake wannan gefen ranar Alhamis.