Keken guragu ƙirar masu walda na Maraɗi

Keken mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu yana da ƙwari, kuma kayan gyaransa na keke ne, ana samunsu a babbar kasuwa. Matsalarsa yashin unguwannin Maraɗi irin Zariya: siririn taya nutsewa yake, yashi kuma ya cinye kaca idan an lafta mata man inji. A wanke ta da kananzir, a ɗiga mai kaɗan.

Kujerar ce abin kushewa. Katako da siririn soso kan jawo gyambon zama, musamman ga wanda ba ya jin ƙugunsa. Kafin walda a auna mai keken yana zaune, a bar faɗin yatsa biyu kowane gefe, soson ya kai santimita 10. Birki kuwa, a gwada shi a gangare kafin a biya.