Mako takwas, kaye uku kacal

Da na shiga kwas ɗin kare kai na mako takwas, a raina naushi da hauri zan koya. Sai malamin ya ce kaye uku kawai zai nuna mana, su ma sai mun iya faɗuwa tukuna. Mako biyu cur muna zubewa a katifa: a manne haɓa da ƙirji, a daki katifa da hannu, a tashi a sake. Har na fara ƙunƙuni.

A mako na uku ne bakina ya mutu. Malamin ya tsayar da mu a wani lungu tsakanin bango da katifun da aka jingine, faɗinsa bai kai taku biyu ba. Abokin atisayena, wanda ya fi ni jiki nesa ba kusa ba, ya ci kwalata. Babu filin ɗaga ƙafa, balle na jan hannu baya a kai naushi. Sai abin da 'yan judo ke kira osoto-gari: ka taka gefensa, ƙirji ya haɗu da ƙirji, ka tura nauyinsa duka ya koma kan dunduniya ɗaya, sannan ka share wannan ƙafar ta baya. Tim! Ni kaina sai da na tsaya ina kallonsa a ƙasa. Ashe sharewar ba ita ce aikin ba. In ba ka fara raba mutum da tsayuwarsa ba, kamar ka shuri ginshiƙi ne.

Judon da Jigoro Kano ya kafa a Tokiyo a 1882 yana da jerin muhimman kaye 40, amma ban ga laifin malamin da ya tsaya a uku ba. Ya kan sa mu gudu sai mun yi haki kafin a kama mu, kuma a lokacin hannu na rawa, duk wata dabara mai matakai da yawa guduwa take daga kai. Taɗiya da kayen ƙugu ne kawai suke zuwa da kansu.

Inda kwas ɗin ya gaza: komai a katifa muka yi, cikin rigar atisaye mai kauri da daɗin riƙo. Riga mai santsi fa? Kuma sau da yawa in na kayar, tare muke zubewa, amma yadda zan miƙe in tsere rana ɗaya tak aka koya mana. Gargaɗin cewa ƙeyar mutum in ta daki siminti ana iya rasa rai, shi ma sai ranar ƙarshe ya faɗa, muna ɗaure takalma.