Kwamitin Bincike ko Kotu?

Duk lokacin da na bi ta unguwar Gyallesu a Zariya, wannan tambaya ce ke dawo mini: idan hukuma ta wuce gona da iri, ina talaka zai kai kukansa?

Kwamitin bincike yana buɗe baki. Wanda gwamnatin Kaduna ta kafa bayan arangamar sojoji da mabiya Sheikh Zakzaky, jagoran 'yan Shi'a, a Zariya a Disambar 2015 ya tabbatar an binne mutum 347 a kabari guda. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga uwar da har yau take kallon ƙofar zaure da magariba. Amma shawara kawai kwamiti ke bayarwa, kuma wanda ya kafa shi ne ke zaɓen abin da zai ɗauka.

Kotu kuwa tana da jinkiri, ga kuɗin lauya, sai dai hukuncinta wajibi ne bisa sashe na 287 na tsarin mulki. Ni ita na zaɓa, ko da yake zuciyata na ƙuna: a Disambar 2016 Babbar Kotun Tarayya ta ce a saki Sheikh Zakzaky cikin kwana 45, amma sai Yulin 2021 ya fito.