Tsohon injin zarto na girke ko sabo na kwali: amsa ga mai nemansa a Kano

Wani ɗan'uwa kafinta ya yi tambaya a wannan zaure game da tsohon injin zarto na girke (scroll saw a Turance), wato wanda ake kafawa wuri ɗaya, siririn zarto yana hawa yana sauka ta tsakiyar faranti, mai aiki yana juya katako har ya fitar da fure ko harafi. Yana son ya san inda ake samunsa a Kano, da kuma ko ya fi sababbin da ake sayarwa a kwali. Malam, amsar ta rataya ne a kan irin aikin da ya fi zuwa shagonka, don haka zan jera su gefe da gefe.

Tsofaffin da ake yawan yabawa ƙirar Amurka ne. Mafi shahara shi ne na kamfanin Delta, wanda aka kafa a Milwaukee a 1919, kamfanin Rockwell kuma ya saye shi a 1945, shi ya sa za ka ga inji iri ɗaya wani da sunan Delta, wani da sunan Rockwell. Akwai kuma Walker-Turner da Powermatic da Craftsman. Manyansu suna da tazarar inci 24 tsakanin zarto da ginshiƙin baya, kusan santimita 61, alhali yawancin sababbin da ke kasuwa inci 16 ne, kusan santimita 40. Wannan tazarar ita ce iyakar nisan da zai iya kasancewa tsakanin wurin yanka da gefen allon da kake juyawa a kan farantin, kuma ga mai yin adon fuskar gado ko ƙofar durowa ba ƙaramin bambanci ba ne. Jikinsu zubin ƙarfe ne mai nauyi, sai mutum biyu sun kama, kuma nauyin ne yake shanye girgiza. Sabon ƙarami, idan ba a ɗaure shi da noti a kan benci mai ƙarfi ba, yakan riƙa rawa yana matsawa yayin da ake aiki.

Inda suka fi bambanta shi ne yadda kowanne yake riƙe zarto. A tsohon, hannun sama a kafe yake ba ya motsi. Ƙarfin inji daga ƙasa yake jawo zarto, sannan wani sifirin da ke cikin bututu a sama ya mayar da shi. Amfanin haka shi ne zarto yana tafiya a miƙe sak, sama da ƙasa, gefen yanka kuma ya fito a daidaice. Illarsa ita ce ɗaurin zarton ba ya zama ɗaya a tsawon tafiyarsa, kuma idan sifirin ya gaji, ko mai aiki ya matsa katako da gaggawa, zarto yakan tanƙware a hanyarsa ta komawa sama ya karye. Saboda haka tsohon ya fi jituwa da zarto mai ɗan kauri da katako mai jiki, irin maɗaci ko iroko da ya kai inci 1 ko ya ɗan wuce. Sababbin kuwa, bisa tsarin da kamfanin Hegner na Jamus ya yaɗa tun shekarun 1970, hannu biyu ne suke motsi tare, na sama da na ƙasa, zarto yana ɗaure a tsakaninsu da ƙarfi iri ɗaya koyaushe. Wannan ne ya sa suke iya ɗaukar zarto siriri ƙwarai, su bi lanƙwasar rubutun Larabci a kan filawud ko MDF, wato allon matsattsen garin katako, ba tare da yawan karyewa ba.

Akwai wani abu da masu yabon tsohon inji ba su cika ambata ba, kuma a ganina shi ya kamata ka fi aunawa. Duk zanen da yake da huda a ciki, dole ne a huda katako, a kwance zarto, a zura shi ta hudar, a sake ɗaurewa. Idan allo ɗaya yana da huda 40, sau 40 ke nan. A tsohon inji kowane kwancewa yana buƙatar mabuɗi da haƙuri, a sabo mai kyau kuwa ɗan maɗauri ne ake saki da yatsa. Sai dai a kula, sababbi masu araha da yawa suna zuwa ne da zarto mai ɗan ƙusa a gicciye a kowane ƙarshe, wanda ba ya shiga sai hudar ta kai wajen milimita 5, don haka ba ya yin ƙananan zane. Kafin ka biya, ka tabbatar injin yana karɓar zarto marar ƙusa mai tsawon inci 5, kuma ka tambayi inda za ka riƙa samun zarton, domin shi ne abin da za ka saya kullum.

Ta fuskar wuta, tsohon yana da matsala a farko amma yana da sauƙi daga baya. Motar lantarkin da ke juya injin Amurka an yi ta ne don wuta mai ƙarfin bolt 110 zuwa 120 da zagaye 60 a daƙiƙa, tamu kuwa 230 ce da zagaye 50. Taransifoma tana rage ƙarfin wutar amma ba ta canza zagayen, sai motar ta rage gudu da kashi ɗaya cikin shida, ta kuma riƙa ɗaukar zafi. Maganin shi ne a cire ta gaba ɗaya. Tunda da bel take juya injin, kowace mota ta gida mai kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin doki, mai juyi wajen 1,400 a minti, za ta zauna a gurbinta, sai dai a gyara ramin fuli, wato ƙarfen da bel yake zagayawa a kai, tunda sandar tsohuwar da inci aka auna ta. Kada a yarda a ɗora mai juyi 2,800, irin ta injin ruwa, domin za ta ninka gudun ta lalata kayan ciki. Sabon inji yana cin wuta kaɗan, da yawa ba su wuce wat 120 ba, ƙaramin janareta ko inbata ta sola ma za ta ɗauke shi. Rauninsa shi ne ɗan allon lantarkin da ke sarrafa gudu: idan wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙone shi, samun madadinsa yana da wuya. Bambancinsu kamar na baƙin keken ɗinki ne da na roba, wanda kowane mai gyara a unguwa ya san cikin na farkon.

Game da inda ake samu, ban ba ka shawarar sayowa daga waje ta eBay ba. Nauyin injin zai sa kuɗin dako da na kwastan su zarce kuɗinsa, zubin ƙarfe yana tsagewa idan aka jefar da akwati, kuma ba ka ji ƙararsa ba kafin ka biya. Wanda ya riga ya shigo ƙasa shi ne abin nema. Ka fara da masu sayar da kayan aikin hannu na kwance a Sabon Gari da wajen France Road, ka leƙa wurin 'yan gwangwan da masu tsofaffin ƙarafa a Ƙofar Ruwa, sannan ka bar saƙo wurin dattawan kafintoci da masu injin tsaga a 'Yan Katako ta Na'ibawa da Rijiyar Lemo, domin su ne suke fara jin labari idan wani shago zai rufe, ko wata masana'anta a Bompai ko Sharaɗa za ta yi gwanjon kayanta. Ka riƙe hoton injin a waya, saboda idan ka ce jigso kawai, na hannu za a miƙo maka. A Jiji da Facebook kuma ka nema da sunan scroll saw ko fretsaw. Wanda ya daɗe a Kano yawanci ya fi wanda ya zauna a Legas tsira daga tsatsa. Idan inji ya fito daga masana'anta, ka duba farantin motarsa, kada ta zama mai aiki da wuta layi uku alhali wutar shagonka layi ɗaya ce.

Idan ka same shi, kada mutuwar mota ko tsatsar saman faranti su tsorata ka, waɗannan dalilin neman ragi ne kawai. Abin da zai sa ka juya ka tafi shi ne tsagewa a jikin ƙarfen ko a maƙalin da farantin yake karkata a kai, domin waldar zubin ƙarfe ba kowane mai walda ne ya iya ta ba, sai kuma rashin bututun sifirin na sama ko maƙoshin da ke damƙe zarto. Waɗannan ƙananan sassa su ne suke fara ɓata idan inji ya daɗe a ajiye, kuma zaren notinsu na inci ne. Ka juya fuli da hannu ka saurari ko akwai ƙwanƙwasa, ka buɗe akwatin man da ke ƙasa ka ga ko ya bushe ko ƙurar katako ta cakuɗe da shi, ka kuma girgiza sandar ƙasa da ke jan zarto hagu da dama.

Idan aikinka haruffa ne da ƙananan zane a kan allo marar kauri, sayi sabo mai karɓar zarto marar ƙusa, ka haɗa shi da sitabilaiza. Idan kuwa manyan alluna ne da katako mai tauri, kuma kana da haƙurin jira har cikakke ya faɗo, tsohon ya cancanci nema. Wanda duk yankansa lanƙwasar gefen waje ce a katako mai kauri, kamar ƙafar kujera, injin zarto mai zagaye kamar bel, wato band saw, ne zai fi biya masa buƙata fiye da su biyun.