Rigar Nakata ta Roma a wani shagon gwanjo na Ƙofar Wambai

A Kasuwar Ƙofar Wambai akwai wani ƙaramin shago da ya ƙware wajen sayar da tsofaffin rigunan ƙwallo, kuma a can na sayi jar rigar ƙungiyar Roma ta Italiya mai lamba 8 da sunan Hidetoshi Nakata, ɗan wasan tsakiya na Japan. Mai shagon ya san hajarsa, domin ya tuna mini cewa Nakata ya zo Roma daga Perugia a 2000, kuma a watan Mayun 2001 ya canji kyaftin ɗin Roma, Totti, a gidan Juventus ana cin Roma biyu da nema, ya farke ɗaya daga nesa, aka tashi 2-2, Roma ta ɗauki kofin gasar Serie A ta Italiya na kakar.

Rigar ƙirar kamfanin Kappa ce mai kama jiki, saboda haka mai tumbi ya nemi wadda ta fi girmansa. Ɗinkin hammata yana nan daram, amma lambar baya ta fara tsattsagewa, wanda hakan ya sa na ga kuɗin ya yi yawa, sai da muka yi ciniki sosai ya sallama. Ban sami ta Parma ko ta Bolton ba, inda ya buga kafin ya yi ritaya a 2006 yana ɗan shekara 29.